Sabo Mai Ganin Ɓarna

A Gidan Chindo, wani ƙauye da ke kudu da Cadawa, idan shanu suka shiga gona ba mai gonar ake fara saurare ba, ba kuma mai shanun ba. Mai gari yakan aiki mutum ɗaya ya je ya gani da idonsa, ya ji ta bakin kowa a can bakin gonar, sannan ya dawo fada ya faɗi abin da ya tarar. Masu rigimar suna zaune a wurin, amma ba a ba su magana. An ce tun kakanni aka tsara haka, domin mai fushi in ya sami fili yakan faɗi abin da ba ya maiduwa. Wannan ɗan aike shi ake kira mai ganin ɓarna, kuma sau ɗaya yake faɗin abin da ya gani. A kan maganarsa ake yanke hukunci. Shekara talatin da ɗaya Sabo ya yi yana wannan aiki.

Sabo ɗan Dalhatu manomi ne. Bai yi lakol ba, wato makarantar boko, don shekarar da aka zo ɗaukar yara ubansa ya ɓoye shi cikin rumbu har masu rubutun suka wuce. Karatunsa na allo bai yi nisa ba. Abin da ya karanta sosai shi ne ƙasa. Tun yana kiwon awakin gidansu ya koyi sawu, har ya kai ga in ya duƙa ya duba rairayi sai ya gaya maka saniya ce ko karsana, tafiya take ko gudu, koro ta aka yi ko kanta ta kawo. Da ya zama saurayi ya yi cirani uku a Katsina yana sayar da ruwa, bai ga abin da zai riƙe shi ba, ya komo gida ya auri Salamatu, ya kama kalme yana noma.

Allah ya ba shi ido, ya kuma ba shi baki. Idan Sabo yana ba da labarin gonar da aka ci, sai ka ji ƙanshin ɗanyen kara a hancinka. Mutane kan bar aikin gona su zo fada in sun ji shi ne zai yi magana. Ranar da aka aike shi ba ya cin abincin kowa cikin masu rigima, ko ruwan randarsu ba ya sha. Garin duka ya shaida ba a taɓa kama shi da ƙarya ba, shi ma ya san an shaida, kuma wannan sanin shi ne rigarsa ta ado. Ba ya da wata.

Yana da aboki makiyayi, Jaye. Uban Jaye ne ke sauka gonar Dalhatu kowane rani bayan an saki gonaki, shanu su ci kara su bar taki, mai gona ya ba da hatsi. A nan yaran biyu suka saba, suna koro shanu tare zuwa rijiya. Da girma ya kama Jaye ya daina tafiya arewa da damina. Mai gari ya ba shi wata saura a bakin gari ya kafa rugarsa, shekara goma sha huɗu ke nan. Matarsa Asta ita ke kawo wa Salamatu nono, kuma ƴaƴan Sabo duka Baffa suke ce masa. A bayan rugar nan aka binne ɗiyar Jaye guda.

Kakar bara, saura makonni kafin a saki gonaki, shanun Jaye suka faɗa waken Magaji. Gonar tana bakin burtali, hanyar da aka keɓe wa dabbobi zuwa rijiya. Aka aiki Sabo. Ya je da sassafe, ya duba, ya saurari kowa, bayan azahar ya tsaya a fada.

"Ranka shi daɗe," ya ce wa mai gari, "na isa gonar Magaji ɗan Ridwanu rana tana ɗagowa. Kowa nan ya san Magaji. Kun san bara fari ya cinye mai hatsi, kun san baki goma sha ɗaya yake ciyarwa. Na iske shi durƙushe, ya tallabi reshen wake da hannu biyu kamar wanda aka miƙa wa jariri. Sallama uku na yi bai ji ba. Da ya ɗago sai ya ce mini, 'Sabo, saura kwana shida in rore shi.' Iyakar abin da Magaji ya ce ke nan."

Wani dattijo ya girgiza kai yana salati.

"Shi kuwa Bafillacen yana can gefe, tsaye da ƙafa ɗaya kamar zalɓe, ya rungume sanda, yana kallon gabas sai ka ce shanun wani ne."

Sabo ya ɗaga ƙafa guda ya ɗora kan gwiwa, ya miƙe wuya, ya lumshe ido. Fada ta fashe da dariya, har mai gari sai da ya rufe baki da hannun riga.

"Na tambaye shi, ya ce hanya ce ta matse. To, hanya kam ta ɗan matse, ban ɓoye ba. Amma wake ya tafi."

A wannan kaka ƙara ta uku ke nan da aka kawo a kan shanu, ko da yake biyun farko na baƙin makiyaya ne masu wucewa. Mai gari ya gaji. Ya ce Jaye ya biya waken, kuma ranar da aka saki gonaki ya kwashe rugarsa ya nemi wani wuri. Jaye yana zaune a ƙarshen tabarma. Ya ce, "To." Bai ƙara ba.

Sabo ya ji nauyin abin a ransa, amma ya gaya wa Salamatu cewa gaskiya ba ta da aboki. A ɓoye ma yana jin daɗi: yanzu ba wanda zai ce ya taɓa karkata, tun da ga shi har abokin ƙuruciyarsa bai tsira ba. Wani daga cikin mazauna fada ya ɗauki maganar a waya ya tura masa, Sabo yakan kunna ta yana gyaran igiya.

Ranar Asabar autarsa Zahra'u ta zo gida a kabu-kabu. Ita ce kaɗai cikin ƴaƴansa ta yi nisa a lakol, tana koyar da Faransanci a Gazawa. Da hantsi ta shimfiɗa tabarma ƙarƙashin itacen bedi na tsakar gida tana duba takardun ɗalibai. Sabo ya zauna kusa da ita yana ɓare gyaɗa.

"Madam, yau kuma wa ake kashewa da jan alƙalami?"

"Ba wanda ake kashewa, Baba. Su ne ke kashe ni."

"Me kika tambaye su?"

Ta ce wani tsohon littafin labari suke karantawa, na mutanen da. A ciki maƙwabta biyu suna faɗa a kan katangar da ke tsakaninsu, tun daga farko har ƙarshe. Tambayar ita ce, mai ba da labarin bayan wa yake?

"Sai a duba inda ya faɗa mana," in ji Sabo.

"Ai bai faɗa ba. Ko sau ɗaya bai ce wane ne mai gaskiya ba."

"To ba ya bayan kowa ke nan. Irina ne."

Ta yi dariya. "Haka su ma suka rubuta, shi ya sa jan alƙalami ke aiki. Ina gaya musu, ku bar neman inda ya yi rantsuwa. In mutum biyu suna faɗa cikin labari, ku duba wa aka gaya muku sunan ubansa. Wa aka shigar da ku ɗakinsa kuka ga abin da ke cikin tukunyarsa. Wa aka bari ya yi magana da bakinsa, wa aka taƙaita. In an yi dariya, wa aka yi wa. A nan zuciyar mai labarin take, ko shi bai sani ba."

Abin ya burge Sabo. Ya share hannu a riga, ya ciro waya daga aljihu.

"To ga jarrabawa. Saurari wannan, ki gaya mini bayan wa mai labarin yake. In kin samo, kazar can taki ce."

Ta riga ta ji hukuncin da aka yi wa Jaye daga bakin uwarta, amma ba ta ji yadda aka faɗa ba. Ta saurara har ƙarshe, har dariyar fada. Da maganar ta ƙare ba ta ɗago ba. Ta ɗauki wata takarda ta shiga dubawa, alhali ta riga ta duba ta.

"Madam ta faɗi jarrabawa?"

"Baba, ka bar ni."

"A'a. Faɗi."

"Ba ka yi ƙarya ba."

"Wannan na sani. Ba shi na tambaya ba."

Ta aje alƙalamin. Muryarta ta yi ƙasa, don ba abu ne mai sauƙi ba ɗiya ta gyara wa ubanta magana.

"Ka ambaci Magaji da sunansa har da na ubansa. Ka ba shi bara, ka ba shi ƴaƴa, ka ba shi bakinsa ya yi magana. Baffa Jaye fa? Ko sunansa ba ka kira ba. Ƙafa ɗaya ka ba shi da sanda."

"Ai kowa ya san shi."

"Magaji ma kowa ya san shi."

Salamatu da ke tankaɗe a ƙofar ɗaki ta dakata da rariya a hannu.

"Baba, me ya ce maka a bakin gonar? Yadda ya faɗa."

Sabo bai manta ba. Komai yana nan a kansa garau, kuma wannan ne ya fi ba shi tsoro. A safiyar da ya je ganin ɓarnar, Jaye ya kama hannun rigarsa, ya ja shi yana ɗingishi har wurin turken siminti da aka kafa don nuna iyakar burtali. Turken yana tsaye cikin waken Magaji, taku bakwai daga inda gonar ta ƙare yanzu. Jaye ya ce, "Sabo, ni da kai mun koro shanun babana ta nan, goma a jere. Yau biyu ba su jeruwa. Da na ga sun matsu na sha gabansu na tare da jikina, sai babbar ta taka ni ta wuce." Ya nuna ƙafar. Ta kumbura kamar tulu, farcen babban yatsa ya fita. Abin da ya sa yake tsaye da ƙafa ɗaya ke nan.

Sabo ya ga ƙafar da idonsa, idon da gari ke yabo. Amma da ya tsaya a fada, ya ga fuskoki suna jira, sai bakinsa ya bi hanyar da ya saba. Makiyayi tsaye da ƙafa ɗaya abu ne da kowane manomi ya sani tun yana yaro, kuma bai taɓa kasa ba da dariya ba.

Ya faɗa wa Zahra'u duka, kansa a ƙasa. Salamatu ce ta ce, "Shekara arba'in muna shan nononsu, Malam," sannan ta koma ɗaki.

Wunin ranar bai fita ba. Ya zauna yana bin shekarunsa ɗaya bayan ɗaya kamar mai bin sawu. Manoman da ya yi wa ganin ɓarna duk yana tuna su da sunayensu, da abin da suka shuka, da abin da suka ce. Makiyayan kuwa sai ya ga hula, ya ga sanda, ya ga wani dogo, ya ga wani mai tsage. Wasu cikinsu lalle su ne da laifi. Amma nawa ne? Bai sani ba, kuma yanzu ba inda zai je ya tambaya.

Washegari ya tafi ruga. Ya iske Asta ta fara kwance tabarmin bukka ɗaya tana naɗewa. Ta gaishe shi kamar kullum, ta tambayi Salamatu, wannan kuwa ya fi masa zagi ciwo. Jaye yana zaune gindin kalgo, ƙafar naɗe da tsumma.

"A'a, mai ganin ɓarna! Wace gonar kuma muka ci?"

"Jaye, na zo ne..."

"Zauna tukuna. Ka iya tsayuwata, wallahi. Ni kaina saura kaɗan in yi dariya. Sai dai wuyan ka miƙe shi da yawa, nawa bai kai haka ba."

"Ka yi mini gafara."

Jaye ya dube shi, ya dubi shanunsa da ke kwance suna tuƙa.

"Ni da kai ba mu da wannan. Ka sha duka a wurina muna yara, na sha a wurinka. Amma ba a gindin kalgo ka faɗa ba, Sabo. A gaban mutane ka faɗa."

"Ka san ba a faɗin ɓarna sau biyu."

"Na sani. Shi ya sa Asta ke naɗe tabarmi."

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, mutane sun cika fada, Sabo ya miƙe ba tare da an kira shi ba.

"Ranka shi daɗe, ina roƙo in sake faɗin ɓarnar waken Magaji."

Mai gari ya dube shi da mamaki. "Sabo, ka taɓa jin an yi haka?"

"Ban taɓa ba."

"Ƙarya ka yi mana a karon farko?"

"Ban yi ƙarya ba. Abin da na yi ban san sunansa ba. In ka ji, kai ka sa masa suna."

Aka yi ta gunaguni. Mai gari ya ɗaga hannu, ya aika a kira Jaye, aka ɗauko shi a amalanke. Sannan Sabo ya fara.

Waɗanda suka halarta sun ce ba su taɓa jin ya yi magana mara daɗi irin ta ranar ba. Yana tsayawa yana komawa baya. Ya ce Jaye ɗan wane ne, ya faɗi shekarun da ubansa ya yi yana takin gonakin garin. Ya faɗi inda turken yake da yawan takun. Ya maimaita maganar Jaye kalma bayan kalma. Bai rage komai daga baƙin cikin Magaji ba, ya sake faɗin kwana shidan nan. Da ya zo kan ƙafar sai ya ce, "Na ga kumburin. Na zo nan na sa kuka yi dariya." Ba wanda ya dubi wani. Da yawa cikinsu sun tuna yadda su ma suka buɗe baki suna dariya.

Magaji bai iya daurewa ba, ya karya al'ada ya miƙe.

"To wane Sabo za mu yarda da shi? Na wancan mako ko na yau? Wakena ne ya dawo? Kuma wa bai ci burtali ba a garin nan? Kowa ya ɗan taɓa, ni kaɗai za a tsayar?"

"Zauna, Magaji," in ji mai gari. "Tambayarka ta farko ni ma ita ke raina."

Ya nemi sandarsa. Tsoho ne, bai cika fita ba, amma ranar da ƙafarsa ya taka har bakin gonar, jama'a na biye. Ya shiga cikin waken da aka tattake, ya dafa turken, ya juya ya ƙirga taku da kansa. Ya dawo fada yana haki.

Ya ce biyan wake yana nan, don wake an ci shi. Ya ce da shuka mai zuwa Magaji ya koma bayan turke, shi da duk wanda ya san ya wuce nasa. Ya ce Jaye ya zauna inda yake, ba mai tashinsa. Sannan ya juya ga Sabo, ya yi magana a hankali, ba da faɗa ba.

"Na gode da ka dawo. Amma shekara talatin ina gani da idonka, ni da wanda na gada. Yau ka nuna mini idon yana da gefen da yake kwanciya. Ka huta haka nan."

Sabo ya ce, "Ranka shi daɗe," ya ɗauki takalmansa.

Yanzu wani mai suna Tahiru ake aika ganin ɓarna. Ba ya da bakin Sabo, ba mai barin aikinsa don ya je ya saurare shi. Magaji yana amsa sallamar Sabo, ba ya ƙarawa da komai. Wasu a gari na cewa tsufa ne ya taɓa shi, wasu na cewa ɗiyarsa ta lakol ce ta juya masa kai, shi kuma bai taɓa ba kowa amsa ba. Yana nomansa, yana zuwa masallaci, in an zauna hira ya fi saurare.

Rugar Jaye tana nan a bakin gari. Ƙafar ta warke, sai ɗan ɗingishi da ya rage. Hanyar gonar Sabo ta gaban rugar ta bi, amma tun daga lokacin yakan zaga ta bayan rijiya, tafiya mai nisa ga mutum mai shekarunsa. Sau biyu Jaye yana aiko masa cewa ya zo su zauna. Ya ce a gaya masa yana nan zuwa.